Farin Kifin Dakta da Matan Bakin Teku

Tun da na dawo ban sayar da kifi cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya biyo ta layinmu na masu banda a kasuwar Kado sai ya ja benci ya ce in ba shi labarin teku, kuma kafin in kai shi boda ta biyu ya cinye mini kan tarwaɗa guda. Shi ya sa na yanke shawarar in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Aji huɗu na yi a firamare kafin mahaifina ya ga kwalekwale ya fi malam buƙatata. Saboda haka duk ɗan bokon da ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa, ya yi mini shiru.

Ni mutumin Yawuri ne, a bakin kogin Kwara na buɗe ido, kuma tun ina yaro hayaƙin banda nake shaƙa. Na zo Abuja tun tana daji. Yanzu da farar hula suka karɓi mulki kuɗi suka yi ƙafa, sai ka kwana kusa da fili ka tashi kusa da bene, manyan da ke cikin benayen nan kuwa duk da busasshen kifina ake yi musu miya.

Ina da 'ya mai sunan mahaifiyata, don haka ba na faɗin sunan. A gida Uwata nake ce mata, a gaban mutane kuwa Dakta. A unguwar Gudu, nan Abuja, aka haife ta. Ruwan da ta sani tana ƙarama shi ne wanda mai ruwa yake turowa a kura, amma da ta girma sai ta ce ita teku za ta karanta. Na ce to, Allah ya sa a gama da shi lafiya, don na ji yana da yawa. Ta yi ta karatu har ta sami aiki a wata cibiyar binciken teku a ƙasar Gana.

Da ta zo hutu ta kawo mini kwali guda na kifin da suka gasa a sabon murhun da suka ƙera. Na buɗe. Kifi ne mai tsabta, ya bushe sarai, ba ƙuda ba tsutsa, amma fari fat kamar wanda ya tashi daga zazzaɓi. Na tambaye ta kasuwa za a kai shi ko asibiti. Ba ta yi dariya ba, abin da ya sa ni ma na haɗiye tawa.

Sai ta zauna ta yi mini bayani. Akwai wata bishiya da ke tsirowa a cikin ruwan gishiri, saiwoyinta a waje kamar yatsun kaza. Sunanta na Turanci ya fi ƙarfin bakina, ni dai itacen gishiri na raɗa mata. Ita ke riƙe gaɓa, kuma a cikin saiwoyinta kifi ke renon 'ya'yansa. Matan ƙauyen da take aiki suna sare ta su yi banda, teku kuwa yana bin sawun gatari yana cin gari. Shekara uku ita da farfesansu suna aikin murhun da ba ya buƙatar wannan itace, ga shi an gama, mata sun ce ba sa so. Masu ba da tallafi za su zo ƙarshen wata. In matan ba su karɓa a gabansu ba, a rufe aikin, ta tattara takardunta ta dawo.

"Baba, ka zo ka duba mana," in ji ta. "Kai ne mai sayen irinsa."

Shekara talatin yarinyar nan ba ta taɓa tambayata ko ƙarfe nawa ba, don tana da agogo. Na ce zan duba ayyukana. Kwana biyu na yi ina dubawa, wato ina jiran tela ya gama mini sabuwar riga.

Ita ta riga ni komawa ta jirgin sama. Ni na ce ta ƙasa zan bi, in ga inda nake taka ƙafa. Na shiga doguwar motar Ikko da sassafe. Kafin Abaji wani ya tashi ya yi mana wa'azi, ya zauna, wani ya tashi da magani guda mai warkar da basur da ciwon haƙori da mantuwa. Na so in saya don na ukun, sai na manta. A Lokoja na sauka na zagaya teburan masu soyayyen kifi ina latsawa, har wata mata ta tambaye ni, cikin irin Hausar nan ta kan hanya, ko oga daga gwamnati ya zo. Na ce daga sama da gwamnati, daga Kado.

A boda ta farko na yi abin kunya, kuma laifina ne ni kaɗai. An ce mini akwai masu yankan aljihu a hanya, sai na yi dabara na cusa fasfona da katin rigakafi a tsakiyar kwalin kifin da na ɗauko na tsaraba. Ɓarawo bai same su ba, gaskiya ne. Ni ma da ƙyar na same su. Na kwance kaya a gaban layi, ina fito da tarwaɗa ɗaya bayan ɗaya, mutane suna ba ni shawara da harsuna huɗu. Jami'in da na miƙa wa ya riƙe fasfon da yatsu biyu, ya buga hatimi ya kau da kai, ya ce a sana'a ba sai ya tambaye ni ba.

A Kwatano na ga fetur a cikin manyan kwalabe a bakin titi kamar man gyaɗa, 'yan acaɓarsu kuma duk da riga ruwan ɗorawa, sun cika gari kamar fara. Togo kuwa ƙasa ce da in ka yi atishawa a ƙofar shiga, kafin a ce maka yarhamukallah ka fita. A nan agogona ya ci amanata. Ya rantse azahar ta yi, na sa direba ya tsaya na yi alwala, sai wani dattijo ya nuna mini rana ya ce a nan tukuna da saura, awa guda suke bayanmu. Ban taɓa sanin ana barin awa a boda ba. A nan ne kuma na fara ganin teku. Na daɗe ina kallo ina neman ɗaya gaɓar. Babu. Na yi wa Kwara addu'a a zuciyata, don ban so ta ji labari.

Da na isa Gana, Dakta ta sauke ni a Zango, gidan wani Malam Fuseni, wanda kakansa ya zo fataucin goro daga Kano ya manta hanyar gida. Hausarsa irin ta kasuwar Gudu ce, ana fahimta in an yi haƙuri, kuma yana jin yaren mutanen gaɓa, don haka shi ya zama bakina. Da safe aka kawo mini shinkafa da wake a ganye, an ɗora mata taliya da gari da ƙwai da baƙin yaji. Na ce wa Malam Fuseni ai wannan abincinmu ne ya zo ƙasar waje ya yi arziki. Da rana aka kawo dokunu, wani tuwon masara mai tsami a naɗe. Na ja shi gefe na raɗa masa cewa tuwon ya kwana, kada ya yi wa iyali faɗa. Ya ce kwana uku ma ya yi, kuma da gangan.

Kashegari su Dakta suka ce sai na ga abin da idona, aka sa ni a jirgin bincike. Suka ɗaura mini wata jar rigar soso a kan sabuwar rigata. Na shaida wa Farfesa, wani dogon mutum mai sanyin magana, cewa ni ɗan ruwa ne tun kaka da kakanni, ba na buƙata. Ya ce ya sani, don hoto ne. Sun zura wata kwalba mai baki biyu ta ɗebo ruwa daga ƙasa, sun auna gishirinsa da ɗuminsa, sun kamo ƙananan kifi suna gwada tsawonsu da rula kamar za a ɗinka musu wando. Wannan duk na gani a kwance. Ruwan Kwara gaba yake tafiya kamar mai hankali, wannan kuwa sama yake yi da ƙasa. Shinkafa da waken Malam Fuseni duk na mayar wa kifi, na ce a rubuta a littafi cewa gudummawata ce ga bincike.

Amma da muka biyo gaɓa na tashi zaune ba wanda ya tashe ni. Na ga bangon gidaje a tsaye cikin ruwa. Na ga rabin makaranta, allo yana kallon teku. Can inda itacen gishiri ya rage gaɓa tana nan daram, kuma da suka kashe inji Dakta ta nuna mini ƙarƙashin saiwoyin, 'ya'yan kifi baƙi ƙirin kamar an zuba tsaba. Na tuna rabin abin da nake sayarwa a Kado yanzu daga teku yake zuwa. Daga nan na daina yi wa aikin yarinyar nan ba'a, sai dai kaɗan.

A ƙauyen aka kai ni gaida shugabar masu banda, Mama Afi, mace mai faɗin kafaɗa da idon da hayaƙi ya rina. Al'adarsu sai an ba baƙo ruwa ya sha, sannan a tambaye shi abin da ya kawo shi, ko da su suka aika a kira shi. Wani abin mamaki kuma, miji ya kamo kifi, matarsa ta tare shi a bakin ruwa ta saya a hannunsa, har da ciniki. Na roƙi Malam Fuseni kada wannan labari ya isa Gudu. Banda kuwa a can aikin mata ne zalla. Da aka ce musu wannan tsohon mai banda ne, sai da wata ta zauna a ƙasa don dariya. Mama Afi ta tambaya ko a garinmu maza ne ke goyo.

Murhun kansa abin kallo ne. Akwatin ƙarfe ne mai faranti hawa-hawa, wuta a gefe, gawayin ƙoƙon kwakwa kaɗan ya ishe shi, hayaƙi kuma yana fita ta bututu ba ya taɓa kifi ko idon mai aiki. Farfesa ya ce baƙin hayaƙi yana barin wani dafi a jikin kifi, shi suka kora. Na ce sun kyauta, sai dai sun kori ango tare da 'yan kallo. Na tambaya ko sun yi shawara da matan. Ya ce ƙwarai, ya ɗauko mini takardun tambayoyi dami guda: itace nawa kike ƙonawa, awa nawa kike tsayawa, kina tari ko ba kya yi. Na sa Dakta ta karanta mini daga farko har ƙarshe. Babu layin da ya ce, wane launi mai saye yake so. Matan sun amsa abin da aka tambaye su, suka koma ga itacensu, don shi ke ba kifi jan nan mai sheƙi da 'yar kasuwa ke hangowa tun daga bakin layi.

Na gyara hula na shaida musu cewa a Yawuri ba mu da itacen gishiri, amma kifinmu ba ya fita fari. Da abin da aka zubar muke turara shi. Na hango tulin ɓawon kwakwa a bakin ruwa, na sa aka kwaso, na jiƙa, na danna a wuta tun kifi yana ɗanye, na toshe bututun da tsumma duk da Farfesa yana ta gyaran murya. Mata suka kewaye ni. Na zauna na harɗe ƙafa kamar alƙali.

Da aka buɗe, kifi ya fito baƙi kamar takalmin soja, ɗaci kuwa har kare ya sunsuna ya wuce. Na ce iskar garin ce ba ta da kyau. Ba wanda ya kula ni. Matan suka tafi suna tafa hannu, Dakta kuwa ta tsaya tana goge farantan ɗaya bayan ɗaya. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Saura kwana uku baƙi su zo, kuma yanzu ƙauye duka ya san murhun yana yin fari yana yin baƙi, ja ne kawai ba ya yi.

Kashegari da hantsi ina zaune gindin murhun ina tunanin motar Ikko, sai ga Mama Afi da kwano a ka. Ta sauke. Tuƙar rake ce busasshiya da ɓawon kwakwa na cikin gari. Ta ce wa Malam Fuseni ya gaya wa tsohon nan ba don shi ta zo ba, ba kuma don ƙarfen ba. Ita dai ba ta iya kwana ta san ana wulaƙanta kifi a garinta. Ɓawon bakin ruwa ya sha gishiri, shi ya kawo ɗaci, ko yarinyar goye ta san wannan. Kakarta da tuƙar rake take ƙarasa banda in itace ya yi wuya. Farfesa ya tambaye ta me ya sa ba ta taɓa faɗa ba. Ta ce a wane layin takardar tasu?

Nan aka raba aiki. Dakta da Farfesa suka kira maƙeri ya haɗa wani ɗan akwati a gefe, da dogon bututu mai lanƙwasa, don hayaƙi ya huce ya zubar da baƙin mansa a hanya kafin ya isa ga kifi. Mu kuma namu shi ne lokaci. Na riga na gane kuskurena na biyu, ko da yake ban sanar ba: ɗanyen kifi ba ya karɓar launi, ƙazanta yake karɓa, wanda ya bushe ƙarau kuma ya rufe ƙofa. Akwai ɗan tsakani, lokacin da fata ta tsane amma mai yana tsattsafowa. Na'urar Dakta mai allura tana faɗin ruwan da ke cikin tsoka, ba ta san wannan ba. Bayan hannu ne ya sani.

Muka zuba kifi, muka zauna, ni a wannan gefe Mama Afi a wancan, ba mai jin yaren wani. Can na tashi na jawo faranti na ɗora bayan hannuna. Ina ɗagowa na ga nata hannun a kan kifin da ke kusa da nawa. Fata ta ɗan kama hannu ta saki. Muka dubi juna. Ta ɗaga haɓa wajen akwatin, ni kuma na riga na ɗebo tuƙar rake. Dakta tana tsaye da agogo da na'ura tana rubuta duk abin da hannuwanmu suka ce, don wanda ba shi da irin hannun ya samu a takarda.

Hayaƙin bai fi na shan shayi biyu ba muka rufe. Da aka buɗe, hula kawai na gyara, don mutum mai daraja ba ya ihu a ƙasar mutane. Kifi ya fito ja yana ɗaukar ido kamar an shafa masa man ja. Dakta ta ɗauki guda biyar a guje ta kai ɗakin gwaji a birni, mu kuwa muka ci na shida. Sai ranar da baƙi za su zo da safe aka bugo mata waya cewa dafin bai kai inda ake tsoro ba.

Baƙin su biyu ne, wata Baturiya da rana ta dafa, da wani mai ɗamarar wuya. Aka jera faranti uku ba alama: na itacen gishiri, da farin, da namu. Mama Afi ta ce ita ba za ta yi hukunci ba tunda da hannunta a ciki, ta tura wata tsohuwa da ta fi kowa dariya ranar baƙin kifina. Tsohuwar ta wuce farin ko kallo babu. Ta tsaya kan sauran biyun. Ta ɗauki biyu ta gwara su kusa da kunne, ta sunsuna, ta karya, ta duba ƙashi, ta tauna da gefen da ke da haƙori. Ta koma ɗaya farantin ta yi haka. Ta daɗe.

Tsohuwar ta ce duka biyun na itacen gishiri ne, ana so a raina mata hankali. Aka ce ɗaya daga ƙarfen ya fito. Ta ce to a nuna mata wanne. Aka nuna. Ba ta ce ya yi kyau ba. Juyawa kawai ta yi ta tafi gida da sauri, ta dawo da kwanon ɗanyen kifi ta dire a bakin murhun. Wata ta ce ai ita ta fara zuwa. Wata ta ce filin da aka kafa ƙarfen na mijinta ne. Kafin ka ce me, wuri ya kaure, ana nuna juna da yatsa, Mama Afi tana tsakiya tana rabo.

Baturiyar ta tsorata, ta tambayi Farfesa me ya ɓata musu rai.

"Layi suke yi wa faɗa," in ji shi. "Murhu ɗaya ne, su kuma da yawa."

Ta buɗe littafinta ta fara rubutu. Mai ɗamarar wuya ya tambaya ko maƙerin garin zai iya yin wasu. Ni dai na koma inuwa na zauna, don aikin manya ya ƙare. Dakta ta zo ta durƙusa kusa da ni kamar za ta gyara mini takalmi, ta ce, "Baba, an ƙara mana shekara uku. Ƙauye shida." Na ce ai na san za a yi haka tun daga Kado, baƙin kifin nan ma da gangan na yi don in jawo Mama Afi. Ta ce ta sani, Baba.

Ranar da zan taho Farfesa ya nuna mini takardar da za su buga, ga sunana a ciki kusa da na Mama Afi, nata a gaba. Na yi ƙorafi a kan haka, aka ce bin haruffa aka yi. Na bar maganar don zaman lafiyar ƙasashen biyu. Ita kuwa ta aiko mini da kwanon kifi, da saƙo cewa in aka sake haihuwata a duniya in zo mace, ina da ɗan hannu.

Na iso Gudu ana kiran la'asar, na shiga gida da sallama mai ƙarfi irin ta wanda ya ci yaƙi. Uwar Dakta ta amsa, amma ba ni take kallo ba, bayana take leƙawa. Ta riga ta share ɗakin yarinyar ta shimfiɗa sabon zanen gado. Na zauna na ba ta labari tun daga fasfo har faɗan layi, ban rage komai ba sai abin da ya faru a jirgi. Ta saurara har na kai ƙarshe.

"Wato da ka zauna a rumfarka, da yanzu 'yata tana ɗakin nan?"

Na ce haka ne.

"Ka tashi takanas ka ƙetare ƙasa uku ka ƙara mata shekara uku."

Na ce da ƙauye shida.

Ta tashi ta ɗauki kwanon Mama Afi ta shiga madafa. Na ji ta karya guda. Can ta leƙo ta ce in an tashi komawa da ita za a je, kuma ta jirgin sama, ni in ga dama in bi ta ƙasa.